Cankar Baban Ladi a kan Mijin Kurciya

Shekara shida ke nan da muka binne mijina, Ishaya, wanda mutanen Muchia suka fi sani da Baban Ladi. Da damina ne, kamar yanzu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ban yi makaranta ba, ɗan karatun da na iya a zumuntar mata ta coci na koya, da furfurata. Bana ma da shiru zan yi, sai dai abu ɗaya da ya rage mini nasa zai ƙare ranar Asabar mai zuwa.

Ni injin markaɗe nake da shi. Shi kuwa aikinsa korar tsuntsaye a wata gonar gwaji a Samaru. Doguwar igiya ce da gwangwanaye, yana ja yana ihu tun safe har rana ta faɗi, don kada jan-baki su cinye dawa. Tun yana yaro a ƙauye abin da ya iya ke nan. Ya san abincin kowane tsuntsu, ya san kukansa, ya san inda yake kwana. Mutane ne bai sani ba.

Wasu ɗalibai masu haya a Bomo ne suka nuna masa wani zanen barkwanci a wayarsu, wai shi Gidan Tsamiya. Wani ne yake zanawa ya sa a intanet kowace Asabar, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Tsamiya ce tsuntsaye suka mayar gidan haya. Ungulu ne mai gida, kullum yana neman maganin sanƙo. Hankaka ɗan kamasho ne, da farar singiletinsa. Balbela ma'aikaciyar ofis ce, ba ta gaishe da kowa. Sai Kurciya, wadda mijinta ya fita sayen gero a kasuwar Sabon Gari tun farkon labarin, bai dawo ba.

Ƙa'idar mai zanen ita ce, kowa yana da canka ɗaya a mako. Ka rubuta a ƙasan zanen abin da kake jin zai faru gaba. Waɗanda suka dace, sai ya zana su ƙananan tsuntsaye a kan wayar lantarki, kowa da sunansa. Kyautar ke nan, ba wata. A kan wannan kyautar Ishaya ya sayar da kekensa ya sayi waya mai hoto. Na yi kwanaki ban yi masa magana ba.

Bai taɓa dacewa ba. Ko sau ɗaya. Matsalarsa, da tsuntsayen gaskiya yake canka. Ranar da Shaho ya sauka a tsamiya, Ishaya ya rubuta cewa 'yan tsaki sun ƙare. Ashe takarar kansila Shaho ya zo nema, har da rabon atamfa. Ranar da Hankaka ya tsinci ƙwai a bakin ƙofa, Ishaya ya rantse Hankaka zai fasa ya sha. Hankaka ya ba da ƙwan haya, ɗaki ɗaya, ban da ruwa da wuta. Ishaya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya share ido ya ce, "Amma dai hankaka ba ya yin haka."

Na ce, "Baban Ladi, ba tsuntsaye ba ne. Maƙwabtanka ne aka sa wa fiffike."

Ya ce, "To ai sai ya zana mutane."

Kowace Asabar rumfar injina takan cika. Akwai Oga Emeka mai kayan gyaran babur, wanda ya iya Hausa amma sai ya ga dama. Akwai Malam Dauda, tsohon malamin firamare, shi yake karanta mana wurin da aka sa Turanci. Ɗaliban nan ma sukan zo daga Bomo. Kowa da cankarsa, ana musu, ina markaɗa. Emeka an zana shi har sau da yawa, wani ɗan aku mai tumbi. Yakan kai wa Ishaya wayar har hanci ya ce, "Baba, ga ni nan a sama. Kai kana ƙasa kana jan gwangwani." Ishaya ya ce, "Bari dai, tawa tana zuwa."

Daga baya ya daina canka komai sai abu ɗaya. Ko labarin makon a kan Ungulu ne, ko a kan Balbela, shi dai ya rubuta, "Mijin Kurciya zai dawo." Hujjarsa, wai kurciya ba ta barin abokiyar zamanta, ya gani da idonsa a gona. Mutanen shafin suka mai da shi abin tsokana. In ya makara, sai su riƙa tambaya ina Baba Zai-Dawo. Hali zanen dutse.

Ni ban taɓa yarda da shi ba. Mun baro ƙauyenmu a kudu da kayan jikinmu kawai. Na binne 'ya'ya biyu. Ƙanena ya fita ranar wani rikici, ya ce yanzu zai dawo, har yau. Na san yadda fita take ƙarewa. Amma ban faɗa wa Ishaya haka ba, don shi ma ya sani. Tare muka bi asibitoci muna buɗe zannuwa muna duba fuskoki. Mutumin da ya ga wannan, ya kuma zauna yana cewa za a dawo, ba rashin sani ke damunsa ba. Na ƙyale shi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Asabar ta farko bayan jana'iza, wayarsa tana kan taga. Na ɗauka, na lalubi haruffa, na rubuta abin da ya saba rubutawa. Ban yi tunanin komai ba. Shafin ya rikice, don Malam Dauda ya riga ya sanar da rasuwar. Wata yarinya ta rubuta, "Jinin Yesu!" Wani ya sa salati. Sai na ƙara a ƙasa, "Matarsa ce." Tun daga ranar ban tsallake mako ba.

Rumfar kam ta watse. Emeka ya koma garinsu. Malam Dauda ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suka tafi da shi. Ɗalibai sun gama sun kama gabansu. Ladi tana aure a Kafanchan, tana kira ranar Lahadi bayan sujada. Yanzu in zane ya fito, ni kaɗai nake kallo. Inda aka sa Turanci sai in tsallake. Wani lokaci abin yakan ba ni dariya, in ɗaga kai, babu wanda zan nuna wa. Dariyar mutum ɗaya ba ta daɗewa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An sare darbejiyar bakin layinmu an yi shaguna, kurciyoyin da ke kuka da hantsi sun bar unguwar. Wannan zai yi masa ciwo fiye da tsadar abinci. A shafin kuma, da ana canka ana dariya, yanzu ana canka ana zagi. Sababbin zuwa ba su san shi ba. Kwanaki wani ya rubuta a ƙasan cankata, "Wannan tsohon ba ya gajiya ne?" Da Ishaya ne zai yi masa dogon bayani a kan kurciya. Ni na ajiye wayar na koma kan inji.

Makon jiya mai zanen ya sanar cewa ya gaji, zane ɗaya ya rage. Ya nuna Kurciya ta ɗaure kayanta a bakin reshe, ga Hankaka da makullin ɗakinta a baki, ana kuma buga ƙofa. Ya ce a canka wa ke bugawa. Ya ce duk wanda ya dace zai hau waya a zanen ƙarshe, daga nan an rufe.

Na san amsar, ko in ce na san duniya. Mai bugun nan ba mijinta ba ne. Ko Ungulu ne, ko sabon ɗan haya. Da zan rubuta cewa ba shi ba ne, ina jin zan dace, kuma sunan da ke kan wayar nan nasa ne. A ƙarshe da an zana Baban Ladi, ɗan tsuntsu a sama, abin da ya mutu yana so. Wannan ce dama ta ƙarshe, kuma canka ɗaya ce. Na yi ta juya abin a raina ina markaɗa, har na ƙona bel ɗin injin a kan waken wata mata.

Amma da an zana shi ne a kan maganar da bai taɓa faɗa ba. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, ko hoton kirki bai bari ba. Abin da ya bari shi ne wannan taurin kan, na mutumin da ya ga abin da na gani, bai kuma zama irina ba. In na goge shi don a zana shi, ban san wa za a zana ba.

Jiya na rubuta. Tasa na sa. Gara ya faɗi da bakinsa da ya ci da nawa.

Ranar Asabar zan kashe inji da wuri in duba. In mijin Kurciya ne, wanda ya san Ishaya a cikinku ya biyo ta Muchia, don ban san yadda zan yi da wannan labarin ni kaɗai ba. In ba shi ba ne, kada kowa ya wahalar da kansa. Wannan na iya shi.