Tsohon da ke Bangon Haikali

Dingiri Appu yana ɗan shekara ashirin da biyu ya zana bangon haikalin Buda na ƙauyensu, kusa da garin Gampola. Labarin da ya zana, kowa a can ya san shi: ɗan sarki Siddatta, kafin ya zama Buda, ya fito daga fada a keken doki, ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, duniya ta fita daga ransa. Appu ya zana su duka uku a damina ɗaya, aka yi ta zuga shi har kansa ya kumbura.

Daga nan ya yi aure, ya noma shinkafa, ya zana haikalin garuruwa da dama. Ciwon ƙirji ya taɓa kwantar da shi wata bakwai, ya tashi.

Bayan shekara hamsin ruwa ya ci bangon, babban malamin haikalin ya kira shi ya sabunta launi. Appu ya tsaya gaban hoton tsohon, ya ja tsaki.

"Wane sakarai ne ya zana wannan?"

"Kai ne, Appu," in ji malamin.

"Ranka ya daɗe, ina aka taɓa ganin tsoho ya riƙe sanda kamar mai korar akuya? Nauyinsa duka yake ɗora mata."

Ya kankare hannun tsohon ya sake zana shi. Majinyacin ma ya gyara masa kwanciya. Sai ya wanke burushinsa ya ɗaure.

"Gawar fa?" malamin ya tambaya.

"A bar ta yadda take. Ban kai can ba tukuna."