Kejin Bayan Shagon Kawu

Kafin Kawu ya tayar da injin walda da safe, sai ya zagaya bayan shago. A can akwai dogon keji da ya ƙera da hannunsa daga guntayen rodi da ragar waya, ya raba shi ɗaki-ɗaki. Tantabarun da ke ciki babu tasa ko ɗaya. Duk baƙi ne, an yi cinikinsu amma ba su isa hannun mai saye ba tukuna. Yakan tsuguna ya duba kashinsu, ya kalli idon kowace, ya lura da wadda ta ci da wadda ta takure a lungu. Ya canza ruwa, ya watsa hatsi. Sannan ya zaro waya daga aljihun rigar aiki, ya nisanta ta da fuska don ido ya fara gajiya, ya yi magana a guruf: "Mai jar nan, tsuntsuwarka lafiya lau, zo ka ɗauka. Mai baƙin aure, ƙara haƙuri, macen atishawa take."

Guruf ɗin na masu kiwon tantabaru ne, a waya. Ana ɗora hoto, ana tayi, ana sallamawa. To a hoto kowace tantabara sarauniya ce. An sha sayar wa mutum wadda aka rina wa gashi, wanka ɗaya ta koma kalarta. An sha haɗa mata biyu a ce aure ne, mai saye ya ga ƙwai huɗu a sheƙa yana murna, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. An sha kai mai ciwo cikin garke ta gama da shi. Kawu ne ya sa doka: duk wanda ya sayar a guruf ya kawo tsuntsu wurinsa, mai saye ya ajiye kuɗi a hannunsa, sai tsuntsu ya kwana biyu a keji ya gamsu da shi sannan kowa ya karɓi nasa. Ladansa kwanon hatsi. Sauran ladan zagi ne, ya kuwa sha shi.

Ni ban san komai a kan tantabara ba sai da babban ɗana ya yi hatsari da babur. Ƙafa ta ɗoru, amma ba ta koma daidai ba, aikinsa ma ya tafi. Ya shige ɗaki ya rufe. Mamansa ta kai abinci ta ɗauko shi yadda ta ajiye. Ni kuwa in ina wurin aiki waya ta yi ƙara sai in ɗauka a guje, ina tsoron mugun labari. Wani abokinsa ne ya kawo masa aure ɗaya na tantabara, don kawai ya sami abin kallo. Su suka fito da shi tsakar gida. Ya fara aski, ya fara tsokanar ƙannensa. Tun daga nan nake kallon tsuntsayen nan kamar maganin da likita ya rubuta, ina tsoron ranar da zai ƙare.

Sai wani da ake kira Ɗan Gayu a guruf ya ɗora hoton farar tantabara mai gashi har ƙafa. Ɗana ya kamu. Ya sayar da hular kwanonsa da sauran kayan babur don ita. Ɗan Gayu ya bi shi ta gefe yana cewa, "Abokina, me zai kai mu wurin tsohon nan? Turo kawai, akwai mai so, yanzu haka yana kirana."

Na ce masa, "Don Allah ka bi ta wurin Kawu."

Ya ce, "Baba, za ta wuce ni fa."

Na ce, "In ta wuce zan nemo maka wata." Na faɗa ne kawai, ban san inda ake nemowa ba. Ya yi fushi, amma ya bi maganata.

Ranar da za a kai ta wurin Kawu muka hau mota tare, shi da sandarsa. Ɗan Gayu ya iso da kwali mai huji-huji, yana ƙamshin turare.

"Kawu na kowa! Yau ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

"To, Allah ya sa," in ji Kawu. Ya goge hannu a wando, ya ɗauko ta, ya kifa ta a tafinsa, ya buɗe fiffiken hagu ya matso da shi wurin haske. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa ɗana, "Kai mai ƙafa uku, idonka ya fi nawa. Me ka gani nan?"

"Kamar ɗigon shuɗi, Kawu."

"Ba kamar ba ne. Ni na ɗiga shi."

Ashe duk tsuntsun da ya bi ta kejinsa, kafin ya fita sai ya ɗiga masa shuɗin maganin nan da ake sa wa ciwo a can cikin fiffike, bai taɓa gaya wa kowa ba. Farar nan ta riga ta bi ta hannunsa kwanakin baya, wani direba ya saye ta daga wurin Ɗan Gayun. Direban ya sake ta da wuri, ita kuwa ta san gida, ta koma wurin tsohon mai ita. Bawan Allah yana can yana tsine wa shaho.

"Haba Kawu, fararen tantabaru nawa ne a duniya?" in ji Ɗan Gayu.

"Da yawa, ɗan nan. Amma masu tambarina kaɗan ne. In kira direban ya zo ku gaisa?"

"Ita ta dawo da kanta fa, ban je na ɗauko ta ba."

"Ta dawo da kanta. Hoton ma ita ta ɗora da kanta?"

Masu jiran gyaran ƙofa suka tuntsire da dariya. Ɗan Gayu ya bar kwalinsa ya tafi yana ƙunƙuni. Kawu ya kira direba ya zo ya ɗauki abarsa, ya ce ya tsare ta a rufe har sai ta yi 'ya'ya a gidansa. Ya cire Ɗan Gayu daga guruf, ya faɗi dalili a taƙaice, bai ƙara da zagi ba.

Ɗana bai yi asarar komai ba. Amma muna isa gida ya shige ɗaki ya rufe. Washegari ƙanwarsa ce ta ba tantabaru ruwa. Mamansa ta dube ni, na dube ta. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na kira Kawu, mutumin da sau ɗaya na taɓa gani, na ce masa yaron ya koma ɗaki.

Da rana tsaka sai ga shi a ƙofar gida, ya rufe shago, da tabaron walda a goshi. Bai yi lallashi ba. Ya buga ƙofar ɗakin da ƙarfi ya ce, "Mai ƙafa uku! Ni ido ya tafi, kai ƙafa ta tafi. In mun haɗu mun yi mutum guda. Gobe ina jiranka, akwai aure biyu da ban gane macen ba."

Ya je. Tun ranar yake zuwa.

Kawu, kai ne ka ɗauki wasan yara da muhimmanci don ka san ba wasa ba ne a wurin mai shi. Kai ne aka kira mai taurin kai, aka ce kana cin ƙwan mutane, aka buɗe wani guruf don a guje maka, ba ka rama ba. Mai riƙon amanar da ke da fiffike. Ban san mutum nawa ka raba da baƙin ciki ba, ni dai na san gida ɗaya. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idonka haske.

Makon jiya Kawu ya sanar a guruf cewa likita ya hana shi walda, zai rufe shago ya koma wurin 'yarsa. Ya ce daga yanzu tsuntsu ya bi ta hannun ɗana. An kawo kejin a bayan mota, yana nan jingine da katangarmu. Mutane suna ta yi mini barka, ni kuwa tsoron zagin da zai sha nake ji. Kawu fatarsa ta yi kauri da zagi. Ɗana kuwa bai daɗe da fitowa daga ɗaki ba. Na gaya masa haka, ya ce, "Baba, wani ma yana can zai sayar da hular kwanonsa."

Don haka ina roƙonku, ku masu wannan harka, da masu kifin ado, da masu zomaye, da duk masu ciniki a waya da wanda ba su taɓa gani ba: ku nemi irin Kawu a cikinku, in babu wani ya daure ya zama. Ku 'yan guruf ɗin tantabaru kuma, tsuntsun farko ya riga ya iso gidanmu. In yaron ya ce ku jira, ku jira. Wanda kuma zagi ya zame masa dole, lambata tana wurin Kawu, ya kira ni ya zage ni, zan ɗauka.