Ranar da Kiyashi Suka Ƙi Bisap ɗin Inna

Kuskurena shi ne na saurari malami a aji. Ba halina ba ne, tsautsayi ne ya faɗa mini. Malaminmu na kimiyya a kolej yana bayani a kan kayan zaƙi. Rabin farko, wanda ya shafi sukari, ya wuce ina kokawa da barci. Daga baya ne 'yan ajinmu suka ce ya yi maganar ruɓewar haƙori da ciwon sukari. Na farka daidai inda yake cewa wasu masu sayar da abin sha suna zuba sakarin, wani farin gari da ɗan kaɗan nasa ke sa bokiti guda ya yi zaƙi, kuma bai kamata a riƙa cika shi ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran duk ni na ƙara da bakina.

Inna tana yin bisap, wato zoɓo, da lamurje, ta ƙulla a leda, ta daskarar a firigo in kuran, wato lantarki, ya ga dama ya zo. Da wannan sana'a muke ci a gidanmu. Shekaru ta yi tana tara masu saye a bakin kogi, inda ake shiga jirgi zuwa Malanville ta ƙasar Benin: masu jirage, 'yan dako, 'yan kabu-kabu. Ni nake ɗaukar kular ƙanƙara in kai can idan na tashi daga lakkwal. A gefena wata mata take zama da tata kular, ƙawar Inna ce ta tun ƙuruciya, shi ya sa nake ce mata Gwaggo. Muryarta in ta kira mai saye har a Benin ana amsawa. Kullum tana rigana sayarwa, kuma kullum abin yana cina.

To ranar na iso da ilimi sabo fil. Na hau kan wani dutse na fara.

"Bisap na sukari zalla! Ku guji na sakarin, jama'a! Malaminmu ya ce yana busar da hanji ya koma kamar igiyar shanya! Wani a Malanville ya sha, da likita ya soka masa allura, maimakon jini farin gari ne ya zubo!"

Ban ambaci sunan kowa ba. Ina dai kallon kular Gwaggo duk lokacin da na ce sakarin. Kafin la'asar na sayar da komai, har ruwan ƙanƙarar da ya narke a gindin kula sai da wani ya roƙa.

Kwana kaɗan labarin ya dawo mini ya yi ƙiba. Wani ɗan kabu-kabu ya kunna mini murya a wayarsa, wani mutum yana rantsuwa cewa mutanen uku ne, 'yan Dioundiou, kuma ƙanensa ne ya share garin da tsintsiya. Na saurara har na fara jin tsoro, ni da na haifi maganar.

Gwaggo ta yi haƙuri iya nata. Wata rana da ta ga inuwa ta juya ba ta sayar da rabi ba, sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Kai, ɗan gidan ƙawata, zo nan. Ni kake nufi da wannan wa'azin naka?"

"Ni ban kama suna ba, Gwaggo."

"Idonka ya kama. Ni da na wanke maka kashi kana jinjiri, yau ni ce mai kashe mutane?"

Mutane suka taru, domin a bakin kogi faɗa ya fi jirgi cika da wuri. Cikinsu akwai wani tsohon mai jirgi da kowa ke ce wa Kawu, wanda ba ya tsallake rana bai sha bisap ɗin Inna ba. Shi ya raba mu.

"Ku bar hayaniya," ya ce. "Akwai alƙalin da ba a ba shi goro. Kiyashi ba ya bin ƙarya. A zuba na kowa a ƙasa, inda sukari yake can za su."

Na amince da sauri, har ina tafi. Aka samo gindin wata bishiya inda kiyashi ke da gida. Kawu ya huda leda biyu da haƙori, ya zuba na Gwaggo a dama, namu a hagu. Manyan mutane masu iyali suka durƙusa suna leƙen ƙasa. Wani fasinja jirginsa ya tashi ya bar shi, ya ce ba komai, sai ya ga ƙarshe.

Kiyashi suka fito. Suka yi layi kamar 'yan lakkwal za su shiga aji, suka nufi dama. Har da tsofaffinsu da masu goyo, na rantse na ga wani yana ɗingishi amma bai yarda an bar shi a baya ba. Namu kuwa guda ɗaya tak ya zo. Ya tsaya a baki, ya kaɗa gashin kansa, ya juya ya tafi da saurin wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Kawu ya dube ni, ya shafa cikinsa a hankali.

"Yaro, shekara nawa ina shan wannan abu? Ashe hanjina ya daɗe da zama igiya?"

Na koma gida da kula cike. Inna tana tsakar gida tana tace citta. Na ba ta labari, na rage wasu wurare, amma labarin ya riga ni isowa ta bakin maƙwabta.

"Inna, wai da gaske muna sa sakarin?"

"Muna sawa mana! Kai da kake cin tuwo kana neman ƙari, ka taɓa tambayar yadda ake sayen sukari? In na cika bokitin nan da shi, ribar da za ta rage ko ashana ba za ta saya ba. Ɗan kaɗan nake sawa, kan cokali, kuma daga bokitin kake sha kullum. Ka bushe?"

"Malam ne ya ce…"

"Malam ya ce ka hau dutse? Malam ya ce ka kawo mutumin Malanville? Wane ne ubansa, a wace unguwa yake, in je in yi musu ta'aziyya?"

Daga nan bakin kogi ya haukace. Ba mai sayen abin sha sai ya ɗiga a ƙasa ya jira hukunci. Mai shayi, mai kunun aya, har mai rake sai da wani ya gwada shi. Kiyashin wurin suka yi ƙiba har suna tafiya kamar 'yan kasuwa ranar Juma'a. Duk abin da suka rufe, sai a ce wannan ne mai lafiya. Akwai wani alhaji mai manyan motoci da likita ya hana shan zaƙi saboda ciwon sukari. Na gan shi da idona ya zaɓi ledar da kiyashi suka fi yawa a kai, ya shanye biyu a tsaye, yana cewa shi yanzu yana kula da jikinsa, ba ya shan sinadari. Na so in gaya masa rabin darasin da na yi barci a kai, sai na tuna inda rabin da na ji ya kai mu.

Inna ta ce to, a ba su abin da suke so. Ta ɓoye sakarin, ta yi bisap da sukari zalla, gwargwadon abin da jarinta zai ɗauka. Na kai, aka ɗiga, kiyashi suka zo, na ɗaga kai ina kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya saya, ya tsotsa, ya ɓata fuska.

"Wannan ai salam yake. Ina zaƙin nan na da, mai kama maƙogwaro?"

"Kawu, na da ɗin shi ne kuka ce ba ku so."

"Mu dai a gyara mana. A bar kiyashin, a dawo da zaƙin."

Haka aka yi ta tafiya. In Inna ta ƙara sukari har ya kai yadda harshensu ya saba, ba riba. In ta rage, ledoji su dawo gida su narke. Ta daina waƙa in tana ƙulli, ta fara maganar sayar da firigo. Ni ma na daina jin daɗin tuwo, ko da yake ban daina ci ba.

Gwaggo ce ta zo gidanmu wata safiya. Ta wuce ni kamar turmi ne a ajiye, ta zauna kusa da Inna.

"Ke ma dai da wauta, ƙawata. Kina tsammani nawa sukari ne zalla? In yi zalla in ci me? Haɗawa nake yi tun fil azal. Sukari na kiyashi, sakarin na mutane."

"Kuma kika tsaya kina kallo aka tozarta ni a gindin bishiya?"

"Ni na kira kiyashin? Ɗanki ne ya yi tafi."

Suka yi dariya har Inna tana share ido da gefen zane, sannan Gwaggo ta gwada mata awon da take yi.

Tun daga ranar haɗawa Inna take yi. Yawancin masu sayenta sun dawo, suna ɗigawa a ƙasa, kiyashi na zuwa, su kuma suna shan duka biyun suna yaba lafiyarsa. Wasu sun zauna wajen Gwaggo ba su dawo ba. Ba a sayar da firigo ba. Ƙanwata ce take kai kula bakin kogi yanzu, ni kuma an bar ni a gida ina ƙulla leda.