Taguwar da Aka Bar Mana

Da la'asar, in kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, jikokin ƙanena sukan taru gaban tele a tsakar gidanmu na Akokan, nan gefen Arlit, su kalli abin da suke kira desan, wato zanen nan mai motsi da magana. Ni ban iya Faransanci ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Ido ya ishe ni. Na san garin da ke cikin akwatin: gidaje sun hau kan juna har sun wuce gajimare, motoci suna yawo a sama, ba rijiya ko ɗaya, ba akuya. Na san jarumansu: yarinya mai fitar da walƙiya daga tafin hannu, saurayi mai fukafukan ƙarfe, da wani ƙato da harsashi ke zubewa daga ƙirjinsa kamar tsakuwa. Na san mugun ma, mai jan ido guda, wanda ba ya tashi daga kujera, sai dai ya ɗaga yatsa.

Amma ba su nake kallo ba. Mugun yana da sojoji, dukkansu tsawo ɗaya, baƙaƙen kaya, fuska a rufe sai ido. Suna fitowa a jere, yarinyar ta watsa musu wuta, su zube, yara su yi tafi.

Rannan na tambayi babban cikin yaran, wanda nake tsokana da mijina. Na ce, "Maigida, waɗancan da suka faɗi, 'ya'yan wa ne?"

Ya ce, "Kaka, ba 'ya'yan kowa ba ne. Sojojin banza ne."

"To wa ke ɗauke su?"

"Ba a nunawa. Ke dai ki yi shiru, in ba haka ba na sake ki."

Na ce, "Ka fara sayo mini goro tukuna, matsiyaci."

Suka yi dariya. Kakansu, ƙanena, yana kishingiɗe jikin bango yana tarin da ya fito da shi daga ramin ma'adinai. Shi labarin da zan faɗa a bakin mutane ya ji shi, ni kuwa ina tsaye aka yi.

A ƙarshen mulkin Nasara, lokacin Arlit ba gari ba ce, fili ne da duwatsu, muna zaune a wani zango kusa da rijiya, yamma da tsaunukan Abzin. Ubanmu makiyayi ne. Uwarmu 'yar Adar ce, daga can ta zo da Hausarta da kuma kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunan yayanmu, ba ta kallonsa gaban mutane. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta ce mini, "Kai wa wancan." Da aka zo neman samari a sa su aikin gumiye, wato sojan raƙumi na Nasara, shi aka ɗauka daga zangonmu. Ranar da ya tafi tana kaɗa nono, ba ta ɗaga kai ba. Ni na san ta jiƙa bakin zanenta a bayan bukka, amma ban faɗa wa kowa ba sai yau da ba ta raye.

Shekarar da nake magana ruwa bai yi ba. Dabbobi suka ƙafe. A duk raƙuman zangon taguwa biyu kaɗai ke ba da nono: tamu, fara mai tsagaggen kunne, da ta wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Kuma kowace bukka cikin biyun da jaririnta. Mu muna da ƙanena, wanda nonon uwarmu ya ɗauke masa bayan wani zazzaɓi da ta yi. Tsohuwar kuma tana riƙon jikarta da uwar ta rasu wurin haihuwa. Duka biyun da nonon taguwa suke rayuwa, ana ɗiga musu da ɗan cokalin itace. Ko yaro a zangon ya san haka.

Wani hantsi muna bakin rijiya sai ga gumiye sun sauko, kowa ya ja amawali har ƙarƙashin ido, kaya iri ɗaya, jar ɗamara iri ɗaya. Shugabansu sarjan ne, baƙo daga kudu, fuskarsa a buɗe, yana zaune bisa raƙumi kamar buhun gero. Ya ce akwai Nasara masu duban duwatsu da suka kafa tanti a arewa, babbansu cikinsa ya lalace, ba abin da yake riƙewa sai ɗanyen nono. Kumandan ya ce a kawo taguwa mai shayarwa, guda, wadda ta fi kyau. Ubanmu ya fara magana a kan jarirai. Sarjan ya ɗora bulala a gwiwarsa, ubanmu ya yi shiru. Ban zarge shi ba. Na ga bayan wani da ya ƙi yin shiru.

Aka jawo taguwa biyun. Ko makaho ya shafa zai san tamu ta fi. Hantsarta cike, jijiyoyi sun fito. Ta tsohuwar ta fara ja baya. Amma sarjan bai san raƙumi ba, sai ya juya ya ce wa ɗaya daga cikin gumiyen, "Kai ɗan jeji, sauka ka duba."

Da ya diro na ga ƙafarsa. Babban yatsansa na hagu ba farce, tun ranar da guga ya faɗo masa. Yayanmu ne. Na buɗe baki, uwarmu ta damƙe mini wuya ta baya. Ita tun yana kan raƙumi ta gane shi, don ta riga ta juya masa baya tana kallon dutse. Sarjan ya ɗauka tsoro ne.

Wadda ta kusa tona shi taguwar tamu ce. Shi ya raine ta tun tana 'yar ƙarama. Tana jin warinsa ta miƙo wuya, ta sa hanci cikin hammatarsa tana gurnani. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa mata mari a hanci, irin marin da ban taɓa ganin ya yi wa dabba ba. Ya tsuguna ya taɓa hantsar, ya matsa, ya shinshina yatsunsa, ya tofar da yawu. Ya ce da wata murya da ba tasa ba, "Wannan akwai ciwo a nononta. In Nasara ya sha zai mutu, mu kuma a harbe mu."

Sarjan ya ce, "Waccan fa?"

Bai ko tsuguna ba. Ya ce, "Waccan lafiyarta lau."

Duk zangon sun ji, kuma duk sun san ƙarya ce, sun kuma san mai yin ta. Ba wanda ya yi tari. Tsohuwar ta zo har gabansa da jaririyar a goye. Ita ta yanke masa cibiya ranar da aka haife shi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce masa a hankali, da Tamajak, harshen zangonmu, don kada sarjan ya ji, "Ɗana, sauke rawanin in ga ko kai ne." Ya ɗaura wa taguwarta akala, ya kora ɗanta a bayanta, ya hau. Bai sha ruwan rijiyarmu ba.

Mutane in na ba su labarin nan sukan ce, to ai sai ku raba nonon. Waɗanda ba su taɓa tatsar taguwa cikin fari ba ke faɗin haka. Mun raba. Ni ce mai kai ƙwaryar. Da farko tsohuwar ta mayar da ni da ita, ta ce in gaya wa uwata ba ta shan nono mai ciwo. Ta gwada ruwan gero, jaririyar ta yi ta amai. Daga baya ta karɓa, ba ta dube ni ba. Amma ciyawa na ƙarewa, nonon na raguwa, kuma na ga yadda uwarmu ke zubawa: ta cika cokalin ƙanena har ya ƙoshi, abin da ya saura shi nake ɗauka. Kullum ƙwaryar na ƙara sauƙi a hannuna. Ba ta ɓoye mini ba, ba ta kuma yi mini bayani ba.

Sai ubanmu ya ce akwai sauran kiwo wajen Ingal, za mu tashi. Ya ce wa tsohuwar ta biyo mu. Ba ta da abin hawa, kuma ta ce ba za ta bi ƙurar gidanmu ba. Muka ɗaura kaya da safe, kowa na gani. Ba mu daɗe da sauka ba wani mai jakuna ya kawo labarin an binne jaririyar a gindin dutsen da ke gabas da rijiya. Taguwar ma ba ta dawo ba. An ce Nasaran ya warke ya koma ƙasarsu, masu dafa masa abinci suka yanka ta.

Yayana ya fita aikin gumiye bayan Nasara sun sauka daga mulki. Ya zo sau ɗaya. Mazan zango suka ba shi hannu, amma da aka kawo akushi kowa ya tuna yana da wani aiki. Ya ci shi kaɗai. Ƙanena, wanda a lokacin ya fara gudu, ya je ya tsaya gabansa yana kallon baƙo. Yayana ya dube shi ya daɗe, bai ɗauke shi ba. Uwarmu ta ce mini, "Kai wa wancan ruwa." Ya koma Agadas ya zama mai gadin wani kanti, can ya rasu ba mata ba ɗa. Har uwarmu ta mutu ba ta faɗi sunansa ba, ni kuma na kasa gane ko kunyar ce har yanzu.

Dangin tsohuwar suna nan Arlit, wajen kasuwa. Mun tsufa tare a gari ɗaya. Muna gaisawa a wurin zaman makoki, ba ma cin abincin juna. Ban taɓa ba su haƙuri ba, su ma ba su nema ba. In aka mayar da ni bakin rijiyar nan aka ce in zaɓa, na san taguwar da zan nuna, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya a kai ba.

Duwatsun da Nasara suka zo dubawa su ne aka gina garin nan a kansu. Jaririn da aka bar wa nono ya girma ya shiga ramin ya yi ta haƙar su har aka rufe shi, ya fito da ƙirjin da ba ya barinsa ya kwanta a miƙe. Ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi waɗannan masu tafi.

Rannan, bayan an gama desan ɗin, jaruman suka tsaya bisa wani dogon gini, iska na kaɗa musu riguna, fuskokinsu a buɗe tas. Sojojin da suka zube kuwa ko takalminsu babu a titi, an share. Mijin nawa na wasa ya juyo ya ce, "Kaka, ke wa kike so a ciki? Mai walƙiya ko mai fukafukai?"

Na ce, "Cikin masu baƙaƙen kayan nan akwai wanda ya ɗan tsaya kafin ya harba. Ka gan shi?"

Ya ce, "Babu, Kaka. Duk ɗaya suke. Idonki ne."

Ƙanena ya yi tari ya ce, "Yaya, a bar yara. Akwai madara?"

Na tashi na ɗebo ta gwangwani, na dama masa da ruwan ɗumi, na riƙe masa kofin. Ya shanye duka. Tun yana jariri ba ya ragewa.