Kwanar Dagilas

A Pantami na tashi, kuma a gidanmu ba a faɗin sunan kwanar layinmu. Kowa a Gombe yana ce mata Kwanar Dagilas, ban da mu, domin mai sunan yana nan da ransa, yana zaune a gindin dogonyaro yana gyaran rediyo. Baba muke ce masa. Mahaifiyata ta ce duk ɗan da ya kama sunan dattijo gatsau a gaban ɗan acaɓa, to ya nemi wata uwar. Saboda haka sai mu ce a kai mu "wajen mai rediyo", ɗan acaɓa ya ce wane mai rediyo, mu yi ta nuni da hannu har a wuce da mu. Na sha tafiyar ƙasa a kan wannan ladabi, kuma na sha yin mita.

Baba Kirista ne, mutumin kudancin Gombe, Hausarsa tana da ɗan gishirin Tangale. Sunan ba na kakanninsa ba ne. Ya ce wani likita ɗan ƙasar Sukotlan ne ya yi jinyar ƙafar mahaifinsa har ta warke, mahaifin ya rasa abin da zai yi na godiya, sai ya ɗauki sunan likitan ya manna wa kansa da 'ya'yansa. Ita kuma kwana, zama ne ya ba shi. Haka garinmu yake: ka daɗe a wuri, wurin ya zama kai.

Ƙawata ce 'yarsa ta fari. Ita ta binciko mana ma'anar sunan a waya bayan mun girma. Ashe "baƙin rafi" yake nufi a tsohon harshen mutanen Sukotlan, kuma sunan rafuka da garuruwa ne kafin mutane su ɗauka. Na ce wallahi an dace, ga kwatar bayan rumfarsa nan baƙa ƙirin. Baba ya bi ni da sukundireba, yana dariya yana cewa ba ni da kunya.

Da aka zo faɗaɗa titi, aka sare bishiyar, aka rushe rumfar, daga baya aka gina gidan mai a wurin. Lokacin idon Baba ya riga ya yi rauni, ƙawata ta ɗauke shi ya koma wajenta a Barunde. Duk sanda na je gaishe shi, kafin ya tambayi yarana sai ya ce, "'Yata, har yanzu da sunana ake kiran wurin?" Ni kuwa in ce, "Sosai ma, Baba." Gaskiya ban sani ba. Na fara jin yara suna cewa "gidan mai", kuma abin yana ci min rai.

Wata Asabar ya kafe sai na kai shi ya ji da kunnensa. Na kawo dalilai, ya ture su duka. Muka fito titi ina riƙe da hannunsa, na tsayar da adaidaita. Direban saurayi ne, ba na jin an haife shi lokacin da rumfar ke tashe. Na buɗe baki zan ce Pantami wajen gidan mai, Baba ya matse min yatsu.

"Faɗi sunan," ya ce. "Na yafe miki."

Ban taɓa furta shi ba tunda nake, balle a gabansa. Ina tsoron kada direban ya ce ina ne nan.

"Kwanar Dagilas," na ce.

"Ku hau, Hajiya."

Ko waiwayowa bai yi ba. Na ji kamar in rungume shi don murna. Baba ya gyara zama, ya gyara hularsa yana murmushi. Sai da muka yi nisa ya leƙa gaba.

"Ɗana, ka san wane ne Dagilas ɗin nan?"

"Wai wani Bature ne, Baba. Ya zauna a wurin zamanin da. Ai ya mutu tuntuni."

Raina ya ɓaci. Shekarun da mutumin nan ya yi a gindin bishiya, rana da ruwa, duk an kwashe an ba wani! Na yunƙura zan ce masa ya juyo ya ga mai sunan da idonsa. Baba ya dafa gwiwata. Kafaɗunsa suna rawa da dariya, amma hawaye na bin kumatunsa.

"Ƙyale shi, 'yata," ya ce a hankali. "Ni ma aro na yi. Tunda dai ya san hanya."