Tukunyar da Kaka Lami Ba Ta Rufewa

Ni jikan mai burkutu ne. Na yi shekaru ban faɗi wannan da bakina ba, sai da keke ya kai ni wani ɗan ƙaramin gidan giya a bayan garin Laurel, nan Maryland ta Amurka, na tsaya gaban wata baturiya ina ba ta tatsuniya.

Kakata Lami ce ke dafa burkutun ƙauyenmu, can ƙasar Zariya. Unguwarmu ta Kiristoci ce, kuma duk wanda zai ci kasuwar Juma'a ya san inda zai huta idan rana ta yi sanyi. Ran Laraba ake dafuwar farko. Kafin nan an jiƙa dawa, an lulluɓe ta har ta tsira, an shanya, an niƙa. Da yamma sai a ɗora manyan tukwane uku a murhu a bayan ɗakinta, mu jikoki mu kewaye wutar da gyaɗarmu da rogonmu, muna turawa cikin toka. Ba na jin akwai ranar da nake ɗoki a duniya kamar Laraba. Tun a aji nake jin ƙamshin dawar a hancina, malami yana magana, ni hankalina yana gindin murhu.

Kaka ba ta fara tatsuniya sai tukunya ta tafasa. Za ta zauna a kan turmi da dogon ludayinta, ta share gumi da bakin zane, ta ce, "To, ga wata nan ta taso daga nesa. Ku matsa mata ta zauna." Mu kuwa sai mu matsa da gaske, muna ture juna, mu ce ta zauna mu ji ta.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta mata mai faifai. Wai a wani gari an yi wata tsohuwa da babu mai burkutu irin nata. Idan ta sauke dafuwar farko, sai ta bar tukunyar a buɗe ta kwana. Ashe akwai wasu matafiya, ƙanana ƙwarai, ko ƙwayar gero ta fi su girma, da ke hawa sanyin yamma suna yawon duniya. Idan ƙishi ya kama su sai su sauka a bakin tukunyar su sha. Ba su da goro ba su da komai, saboda haka kowanne sai ya bar ɗan tsami a ciki, shi ne godiyarsa. Da tsohuwar ta rasu, 'yarta ta gaji tukwanen. Ita kuwa akwai ido, akwai rowa. Ta lura kullum da safe ruwan ya ragu da faɗin yatsa ɗaya. Ta ce, "Au, ashe sata ake mini?" Ta kife faifai a bakin tukunya, ta ɗora dutse.

A nan Kaka kan tsaya ta juya tukunya, ta bar mu muna ihu, "Sai me, Kaka? Sai me?"

Da gari ya waye tukunya cike take fal, ko ɗigo bai ragu ba. Amma da aka dafa aka tace, sai ga shi salam, zaƙi kawai kamar kunun majinyaci. Maza suka kurɓa, suka dubi juna, suka saɓa fartanyarsu suka wuce. Mako uku tana haka, har gidan ya koma ba mai leƙowa. Ran nan ta ɗauke dutsen, ta jefar da faifan, ta ɗebi ludayin farko ta zuba a ƙasa, ta ce baƙin uwarta su yi haƙuri su dawo. Suka dawo, don ba su da riƙo.

"Ta tashi ta tafi abinta," in ji Kaka, "wanda bai riƙe ta ba ya bi ta da gudu."

Na taɓa tambayarta ko ta taɓa ganin matafiyan. Ta ce, "Ishaya, ina ruwana da ganinsu? Ina jin aikinsu a harshena." Kuma da gaske tukwanenta a buɗe suke kwana, ko ana hadari sai dai a ja su ƙarƙashin rumfa.

Mu yara ruwan farko ake sam mana, mai zaƙi, wanda bai kwana ba. Na ran Juma'a kuwa ko kusa da shi ba a barinmu. Sai dai mu tsaya daga nesa muna kallon yadda take sayarwa. Ba ta taɓa miƙa wa mutum ƙwarya ba sai ta fara kurɓa a gabansa, ya ga abin da ta ba shi ita ma ta sha. Na dame ta da naci wata rana, sai ta kama haɓata ta ce, "Ranar da gashi ya fito a nan, ni da kaina zan kurɓa in miƙa maka ƙwaryar farko."

Gashin ya fito, amma kafin ya fito na shiga makarantar kwana. Wani yaro ya shinshina bargona ya ce yana warin giya, daga nan sunana ya koma jikan mai burkutu. Na tsani sunan, na tsani warin, na daina zuwa gindin murhu. Wata Juma'a, ina jami'a lokacin, na zo hutu da abokaina biyu 'yan birni. Kaka ta hango ni, ta yi guɗa, ta ɗebo ƙwarya, ta kurɓa, ta miƙo da hannu biyu. Na ce, "Na ƙoshi, Kaka." Ta daɗe tana riƙe da ita. Sannan ta ce, "To," ta juye a tukunya. Ina nan Amurka ta rasu. Babu abin da na yi a rayuwata da nake jin kunyarsa kamar wannan kalma, na ƙoshi.

Keke kuwa likita ne ya ɗora ni a kai, ya ce tumbina ya fara yi mini gaba. Na sayi na hannu, na haɗu da Alhassan, mutumin Kumasi, muna gadi a ma'ajiyar kaya ɗaya. Duk Asabar sai mu bi 'yan hanyoyin keke na bakin rafi, cikin itatuwa, muna tsere kamar ba mu da jikoki a hanya. A haka na gano ƙananan gidajen giyar nan da ke ɓuya a tsofaffin rumbunan kaya, inda mai gidan da kansa yake dafawa. Sai a kawo maka ɗan katako da 'yan kofuna huɗu a jere, kowanne da irinsa. Wata ɗaci kamar shuwaka, wata baƙa ƙirin mai ƙamshin kofi, wata kamar an matse lemo a ciki. Ina kurɓa ina surutu, ina yanke hukunci kamar alƙali. Alhassan Musulmi ne, lemon citta yake sha, aikinsa ya tsare ni da ido.

"Maigida, kurɓa aka ce, ba wanka ba," yakan ce. "Idan ka faɗi a hanya ni ba ambulan ba ne."

Wata Asabar na ga an rubuta a allo cewa akwai giyar dawa. Na ce a kawo, na ɗaga kofin, na shinshina, na kurɓa. Tas take, fes, babu laifi ko ɗaya, kuma babu komai a cikinta. Ashe na yatsina fuska. Mai gidan, wata baturiya doguwa mai suna Beki, da takalman roba har gwiwa, ta zo ta tambaye ni abin da bai yi ba. Na buɗe baki in ce babu komai, sai na ji na ce, "Kin rufe tukunyar."

Ta ce wace tukunya? Sai kawai na kwashe tatsuniyar na ba ta, da faifan da dutsen da matafiyan, ina yi ina nuni da hannu, Alhassan yana ja mini riga wai mutane suna kallo. Da farko dariya take yi. Da na zo wajen tsamin da baƙin ke bari, sai ta daina dariya. Ta ce ai gaskiya ne, iska tana ɗauke da wasu halittu da ido ba ya gani, su ne ke sa tsami, ita kuma don tsoron kada abin ya lalace take toshe ko'ina. Ta ce, "Wa ya ba ka wannan labarin?" Na ce wata tsohuwa ce a garinmu. Ko a nan ban iya cewa kakata ce ba.

Ta ɗauko takarda ta ce in faɗa mata komai. Na yi mamakin abin da kaina ya ajiye. Kwana nawa dawa ke tsira, yadda ake tsame ruwan sama a ajiye a dafa na ƙasa, lokacin da ake sake haɗa su, duk suka dinga zubowa. Ta ce za ta gwada tukunya ɗaya ƙarama, idan ta lalace ta lalace. In dawo bayan mako uku.

Mako ukun nan ban zauna lafiya ba. Na je shagon kayan gida a Takoma Park na sayi ƙwarya, na ɗaure ta a bayan keke. Ranar kuwa na taka keken nan kamar ana bina, tudun da kullum nake sauka in tura, na haye shi ban sani ba. Alhassan yana baya yana ihu, "Chale, abokina, jira ni! Giyar ba za ta gudu ba!"

Tun daga ƙofa ƙamshin ya tare ni, tsami da hayaƙi da dawa, na bargona sak. Na jingine keke. Beki ta fito da burkutun a jug, ja-ja, mai kauri, yana ta 'yan ƙananan kumfa. Ta ce daren farko har kasa barci ta yi, tana ta son ta je ta rufe tukunyar. Na miƙa ƙwarya ta cika, ta turo mini. Na ce a'a, ke za ki fara, haka ake yi. Ta kurɓa, ta zaro ido, ta miƙo da hannu biyu ba tare da kowa ya koya mata ba. Na fita bakin ƙofa na zuba kaɗan a ƙasa, sannan na sha.

Ban sani ba ko haka na Kaka yake. Ba zan taɓa sani ba, tunda ban sha nata ba. Abin da na sani shi ne tsamin ya kama mini muƙamuƙi, na yi dariya, hawaye suna zuba cikin gemuna mai furfura, Alhassan ya dafa kafaɗata.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan rowa take. Da Beki ta yi bayani na ce ashe ilimi ne Kaka ta naɗe mana a ciki. Ina riƙe da ƙwaryar nan na gane ni ne na kife faifai na ɗora dutse, shekara da shekaru, don kada wani ya ji warin gidanmu a jikina.

Beki ta ɗauko alli ta ce wane suna za ta rubuta a allo. Na ce ta rubuta Lami. Wani mutum a teburin gefe ya tambaya wace ce Lami. Na juya, na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji, na ce, "Kakata ce. Mai burkutu ce, kuma duk ƙasarmu babu kamarta." Sannan na miƙa ƙwaryar na ce a ƙara, ban ƙoshi ba.