Akwai Kaji da Ƙwai

A wurin wankin motar da ke bayan gidan mai, ba wanda ya san shi da wani suna sai Lallaɓa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ƙarƙashin rumfar kwanon nan mai yoyo ta kusurwa ɗaya, tsakanin mai faci da shagon gyaran wutar mota. Wanki kam yana yi kamar kowa, amma ba don shi ake nemansa ba. Ana nemansa ne idan an ɓare sitika a jikin mota, danƙon ya ce shi ba inda za shi.

Abin ya samo asali tun yana ƙarami. Duk kwanon da mahaifiyarsa ta sayo, kafin ta gama nuna wa maƙwabta ya bi takardar da ke gindinsa ya ɓare ta tas, har ba mai yarda sabo ne. Ya sha duka a kan haka bai daina ba. Da ya girma sai halin ya zama sana'a.

Kayan aikinsa duka a cikin gwangwanin biskit suke: tsohon katin banki, buroshin haƙori, tsumma mai laushi, da 'yar kwalbar man girki. Sai na'urar busar da gashi ta matarsa mai shagon gyaran gashi, wadda ya ara shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ce yanzu zai dawo da ita.

"Danƙo ba a yi masa faɗa," in ji shi ga duk mai motar da ya ƙosa. "Ka ɗumama shi, ka shafa masa mai, ka ba shi lokaci ya yi tunani." Mai faci yakan ce ya ji Lallaɓa yana hira da danƙo fiye da yadda yake yi da mutane.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaukar wannan aiki da daraja ba, shi ne surukinsa, mahaifin matarsa. Tsohon magatakardan kotu ne, mutumin da ko ruwa zai roƙa sai ka ji kamar sammaci yake karantawa. Da ya yi ritaya ya sayi mota ta hannu, fara, mai faffaɗar baƙar roba a gefen ƙofofi. Mai ita na da can kiwon kaji yake yi, ya manna manyan haruffa a kan robar, hagu da dama. Magatakarda ya sa farce ya ɓare haruffan da kansa a ranar da ya saye ta. Takardar ta fita, danƙon ya zauna. Kwana uku ƙura ta bi danƙon ta kwanta, rubutu ya dawo da launin ƙasa, ana karanta shi daga tsallaken titi: AKWAI KAJI DA ƘWAI.

Ranar da ya kawo motar, Lallaɓa ya durƙusa ya gaishe shi, hannu duk kumfa.

"Baba, lafiya da sassafen nan?"

"Da lafiya ka taɓa ganina a nan? Jiya a gaban asibiti wata mata ta buga min gilashi, wai nawa nawa. Shekaranjiya wani alƙali da na yi wa aiki shekara tara ya tsayar da ni. Na ɗauka gaisuwa ce. Ashe masu ƙwai yake so, guda shida." Ya nuna robar da sandarsa. "An ce wannan shirmen ne aikinka. Ka cire. Amma ko ƙwarzanen ƙuda na gani a robar nan, za ka yi bayani."

Kafin tsohon ya kai bakin titi masu shawara sun taru. Mai faci ya ce fetur, minti biyu an gama. Mai gyaran wuta ya ce reza. Wani direba da ba a san daga ina ya ɓullo ba ya rantse da ruwan batir.

"Fetur zai ci robar ta yi fari kamar mai ƙyasfi," in ji Lallaɓa. "Reza kuwa, garin neman gira ne a rasa ido. Ku ba ni wuri."

Ya jona na'urar busar da gashi, ya riƙe ta nesa kaɗan, yana taɓa robar da bayan yatsa don kada ta yi zafin da za ta lanƙwashe. Ya ɗiga mai a tsumma ya manna a kan harafin farko, ya koma kan benci ya zauna. Da danƙon ya yi laushi ya sa gefen kati yana turawa a hankali, yana naɗe shi kamar ƙaramin igiya. Abin da ya maƙale a ramukan robar ya bi shi da buroshi, sannan ruwan sabulu. Harafi ɗaya, kusan awa ɗaya.

Matsalar ita ce Magatakarda ba ya barin motarsa ta kwana a waje. Kullum da yamma yakan zo ya ɗauke ta, ya dawo da ita da safe. Ranar farko Lallaɓa ya gama da AKWAI, tsohon ya koma gida da KAJI DA ƘWAI. Rana ta biyu, don ya kawar da kajin da wuri, ya tsallake zuwa ɗaya gefen, wanda ke kallon titi, ya cire KAJI DA, sai ya rage AKWAI ƘWAI. A ranar mutum huɗu suka biyo tsohon har ƙofar gida, ɗaya da kwandonsa.

Matar Lallaɓa ta tare shi da maganar tun kafin ya cire takalmi.

"Baban yara, Baba ya kira ni sau uku. Ya ce da gangan kake yi."

"Ni da Baba wasa? Danƙon ne mai taurin kai."

"To ka ce wa danƙon ya yi wa Allah ya taimaki aurena."

Rana ta shida ya gama. Ya wanke robar, ya shafa tafin hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, santsi kamar kumatun jariri, ba ƙwarzane ko ɗaya. A ransa ya ji bai taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Ya ja da baya don ya more kallo, sai ya ga abin da bai zata ba. Shekarun da haruffan suka yi a manne, rana ta dafa sauran robar ta koma ruwan toka, wurin da danƙo ya rufe kuwa yana nan baƙi wuluk kamar yau aka fito da shi daga kamfani. Rubutun ya fito tsaf, ya fi na mai kaji kyau.

Mai faci ya yi dariya har ya zauna a cikin bahon da yake gwada tayoyi.

Magatakarda ya iso, ya zagaya motar sau biyu, ya sa tabarau, ya cire.

"Na ce ka cire, ko na ce ka gyara?"

"Baba, danƙo ya fita. Ku taɓa ku ji. Wannan ba danƙo ba ne, rana ce."

"To cire ranar."

Lallaɓa ya yi bayani kansa a ƙasa. Akwai man da ake shafa wa roba ta yi baƙi gaba ɗaya, amma ruwan sama biyu zai wanke shi. In ana son gyara na har abada, sai a rufe sauran robar da kwali, a bar haruffan kaɗai a rana su ma su koɗe.

"Zuwa yaushe?"

"Kamar shekara shida, Baba."

Tsohon ya dubi haruffan, da alama yana auna shekarunsa da na robar. Ya shiga mota ya tafi ko sallama babu.

Mako biyu Lallaɓa bai yi barcin kirki ba. Ya gwada man iri uku a kan wata tsohuwar roba, ya shanya ta a rana yana zuba mata ruwa da buta don ya ga wanne zai daɗe. Yana cikin haka wata safiya farar motar ta shigo rumfa, surukarsa a gaba, tsohon a kan sitiyari fuska a murtuke. Daga bayan motar ana jin kuka.

"Ɗana, kada ka taɓa rubutun nan," in ji surukar tun kafin ya gaishe ta. "Mutane kullum suna sallama a ƙofar gida, ni kuma kullum ina cewa babu. Har yaushe mutum zai ta ƙaryata motarsa? Na sa an kafa keji a bayan gida."

"Ni tuƙi kawai nake yi," in ji Magatakarda, yana kallon gaba. "A rubuta wannan."

Haka aikin Lallaɓa ya ƙaru. Duk ranar Asabar motar takan zo, ya tsince gashin kaji daga kujeru, ya goge haruffan su yi ƙyalli, ya kiyaye kada mai ya taɓa sauran robar ta yi baƙi rubutun ya ɓace. Tsohon ya fara kawo masa abokansa 'yan fansho masu sitikar da ta ƙi fita, yana gabatar da shi da cewa, "Mijin 'yata ne. Ba ya sauri, amma ba ya ɓarna."

A wata Asabar ɗin ne wata jar kaza ta fice daga but ɗin motar, ta shige bayan durom ɗin ruwa, aka yi neman duniya ba a gan ta ba. Bayan kwana huɗu Lallaɓa ya same ta kwance a cikin bokitin tsummokara, da ƙwai biyu a ƙarƙashinta. Ya aika wa surukinsa. Tsohon ya zo da kansa, ya duba kazar, ya duba bokitin, ya saurari mai faci a matsayin shaida, sannan ya gyara murya.

"Kaza tawa ce. Bokiti naka ne. Ƙwan da aka saka a bokiti na mai bokiti ne, muddin kazar ba ta nemi komawa gida ba."

Kazar ba ta nema ba. Lallaɓa ya sayi wani bokitin don tsummokaransa.